Elektaron Nawa Ne a Jikin Cokali? Sharhi Kan Lissafin Cajin Lantarki a Ƙarfe

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta kankama a Gure, lantarki ba ya jiran wayar NIGELEC kafin ya shiga gida. Mai janye bargo da tsakar dare yana ganin tartsatsi cikin duhu, yana jin ƙararsa tas-tas. Fasinjan da ya sauko daga motar Damagaram ya kai hannu ga ƙofa, sai ya ji an tsikare shi a kan yatsa. Mayafin roba yana manne wa jiki, mataji yana ɗaukar 'yan gutsattsarin takarda. Yaro da babba kowa ya san wannan. Sai dai ɗalibin lise da ya sha wannan tsikari da safe, idan ya shiga aji ya tarar malamin fizik ya rubuta a allo cewa a nemo yawan elektaron da ke jikin wani ɗan ƙarfe, da wuya ya gane cewa abin da ya ji a yatsansa da abin da ke kan allo dangi ne. Sai ya haddace ƙa'ida, ya danna kalkuleta, ya samo lamba mai sifiri ashirin da wani abu, ya miƙa takarda, bai san ko amsarsa tana kusa da gaskiya ko ta yi hannun riga da ita ba.

Lissafin kansa bai wuce ninkawa da rabawa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, tambaya uku ce mabambanta ake yi da kusan kalmomi iri ɗaya. Akwai mai neman jimillar elektaron da ke cikin ƙarfen gaba ɗaya. Akwai mai neman waɗanda ke iya yawo a cikinsa su ɗauki wuta. Akwai kuma mai neman 'yan kaɗan da suka ƙaru ko suka ragu, waɗanda su ne ke sa a ce ƙarfen ya ɗauki caji. Amsoshin nan sun yi nisa da juna ƙwarai. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe tazarar takan wuce ninki biliyan dubu. Wanda bai rarrabe su ba, ko da hannunsa ya faɗa kan amsa daidai, sa'a ce kawai ta taimake shi.

Tushen komai lamba ɗaya ce. Cajin lantarki ba ya rabuwa har illa masha Allahu. Yana da ƙwayarsa mafi ƙanƙanta da ake samu tana zaman kanta, kuma kowane elektaron ita yake ɗauke da ita, ba ƙari ba ragi: kulom 1.602 × 10⁻¹⁹. Kulom shi ne ma'aunin caji. Idan aka juya lambar, kulom ɗaya ya ƙunshi elektaron 6.24 × 10¹⁸, wato sama da biliyan shida sau biliyan. Daga nan ƙa'idar da ake rubuta wa ɗalibai ta fito: caji daidai yake da yawan elektaron sau cajin guda ɗaya, Q = n × e. Mai neman caji ya ninka, mai neman yawan elektaron ya raba.

An sha wuya kafin a kai ga wannan lamba. A 1785 Charles-Augustin de Coulomb, injiniyan sojan Faransa, ya auna ƙarfin da abu biyu masu caji ke ture juna da shi, alhali bai san me ke ɗauke da cajin ba. A shekarun 1830 Michael Faraday a Landan ya lura cewa idan aka bi da wuta ta cikin ruwan da aka narkar da gishirin wani ƙarfe, yawan ƙarfen da ke taruwa yana bin yawan wutar da ta wuce sau da ƙafa. Wannan ya sa George Johnstone Stoney ya yi hasashen cewa lantarki ƙwaya-ƙwaya ne, ya raɗa wa ƙwayar suna a 1891. J. J. Thomson ya gano ta a Cambridge a 1897. Sai a 1909 Robert Millikan da ɗalibinsa Harvey Fletcher, a Jami'ar Chicago ta Amurka, suka fara auna cajinta kai tsaye. Suna fesa mai ya zama 'yan ɗigo-ɗigo, su saka ɗigo tsakanin faranti biyu masu wuta, su zauna suna kallonsa ta madubi yana hawa yana sauka. Abin da suka gani shi ne cajin kowane ɗigo ninkin lamba ɗaya ne: sau biyu, sau biyar, sau bakwai, amma faufau ba a taɓa samun sau biyu da rabi ba. Lambar da Millikan ya buga a 1913 ba ta kauce wa ta yau da ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tun ranar 20 ga Mayu 2019 ma an daina auna ta: masu kula da ma'aunai na duniya sun tsayar da ita a kan 1.602176634 × 10⁻¹⁹, da ita ake fassara kulom ɗin kansa.

Akwai wani ɗan tarko a alamomi da ya kamata a cire tun wuri. Benjamin Franklin ne ya zaɓi alamar ƙari da ta ragi a shekarun 1740, shekara ɗari da hamsin kafin a san elektaron, kuma zaɓinsa ya sa elektaron ya faɗo a ɓangaren ragi. Saboda haka ƙarfen da ya samu ƙarin elektaron cajinsa na ragi ne, wanda ya rasa wasu kuma cajinsa na ƙari ne. Furoton da ke tsakiyar ƙwayar zarra ba ya zuwa ko'ina. Duk shiga da fitar elektaron ke yin ta.

To, mu ɗauki tambaya ta farko da abin da ke kowane gida. Masu zubin tukwane a kasuwanninmu suna narka gwangwanaye da tsoffin kayan inji na sanholo, wato alminiyom, su zuba a mazubin yashi, su fitar da tukunya da ludayi da cokali. A ce cokali ɗaya ya yi giram 27. Ƙwayar zarra nawa ce a cikinsa?

Mai sayar da hatsi a kasuwar Gure ba ya ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya, tiya yake cikawa. Masana sinadarai ma suna da tiyarsu, sunanta mol. Bambancin kawai, tiyar kasuwa girma take tsayarwa, mol kuwa adadi yake tsayarwa: kowane mol ƙwaya 6.022 × 10²³ ne, lambar da aka sa wa sunan Amedeo Avogadro na Italiya. Tun da zarrar kowane ƙarfe da nata nauyin, mol ɗaya na sanholo giram 27 ne, na baƙin ƙarfe kusan 56, na jan ƙarfe 63.5, na azurfa kusan 108, na zinariya 197. Cokalinmu mol ɗaya ne cif, ke nan yana da zarra 6.022 × 10²³. Kowace zarrar sanholo tana da furoton 13 a tsakiya da elektaron 13 kewaye da ita. A ninka: elektaron 7.83 × 10²⁴.

A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Jadawalin sinadarai yana ba kowane ƙarfe lamba biyu, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ta 27 ta nauyi ce, furoton 13 da nutaron 14, da ita ake raba giram a samu mol. Ta 13 ita ce matsayin ƙarfen a jadawali, wadda Henry Moseley ya nuna a 1913 cewa ita ce cajin tsakiyar zarra, kuma da ita ake ninkawa a samu elektaron. Wanda ya ninka da 27 amsarsa za ta fi gaskiya sau biyu da ɗoriya, kuma kalkuleta ba za ta yi masa gardama ba. Haka wanda aka ba shi nauyi a kilo ya manta bai mai da shi giram ba: ya kauce da ninki dubu.

Lambar 7.83 × 10²⁴ tana da sauƙin rubutawa, wannan ne ma haɗarinta, don ido yana wucewa ta kanta ba tare da zuciya ta kama girmanta ba. Da za a tara mutanen duniya biliyan 8, kowa ya riƙa ƙirga elektaron ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai sun shekara miliyan 31 kafin su gama da cokali guda. Duk da wannan yawa, nauyinsu gaba ɗaya kusan miligiram 7 ne kawai cikin giram 27.

Cajinsu fa? A ninka 7.83 × 10²⁴ da 1.602 × 10⁻¹⁹, a samu kulom 1,254,000. Akwai gajeriyar hanya: mol ɗaya na elektaron kulom 96,485 ne, lambar da ake kira da sunan Faraday, sai a ninka ta sau 13. Don a ga girman abin, cajin ragi da ke shimfiɗe a kan doron ƙasa duka, daga Hamada har teku, a ranar da sararin sama ke garau, kusan kulom rabin miliyan ne. Elektaron ɗin cokali guda sun ninka shi fiye da sau biyu.

Mai hankali zai tambaya: in haka ne, yaya ake shan kunu da shi lafiya? Amsar ita ce zuciyar wannan batu duka. Kowane elektaron da ke cikin cokalin akwai furoton da ke tsaye a madadinsa da caji daidai wa daida, amma na kishiyar alama. Kulom 1,254,000 na ragi, kulom 1,254,000 na ƙari, saura sifiri. Daidaiton nan ba na kusan-kusan ba ne. An gwada shi a ɗakunan bincike, an tarar ko da akwai bambanci tsakanin cajin furoton da na elektaron, bai kai kashi ɗaya cikin 10²⁰ ba. Dokar Coulomb tana nuna abin da zai faru in daidaiton ya ɗan karkace. A ce an kwashe kulom ɗaya tak daga wani cokali an zuba a wani, aka ajiye su da tazarar mita ɗaya. Elektaron ɗaya ke nan cikin kowane miliyan ɗaya da kwata aka taɓa. Ƙarfin da za su jawo juna da shi niyutan 9 × 10⁹ ne, kwatankwacin nauyin tan 900,000. Babu hannun da zai iya raba wannan caji ya riƙe, shi ya sa ba a taɓa ganin cokali mai kulom ɗaya ba.

Sauran ƙarafa hanyar ɗaya ce, kuma akwai abin sha'awa a sakamakon. Giram ɗaya na sanholo yana da elektaron 2.9 × 10²³, na baƙin ƙarfe 2.8, na jan ƙarfe 2.75, na azurfa 2.6, na zinariya 2.4, duka sau 10²³. Yawan yana raguwa a hankali ne saboda manyan zarra sun fi tara nutaron, masu ƙara nauyi ba tare da kawo elektaron ba. Amma raguwar kaɗan ce. Ina ganin wannan ita ce lambar da ta fi cancanta ɗalibi ya riƙe a ka, fiye da kowace ƙa'ida: kowane giram na ƙarfe yana da elektaron tsakanin biyu da uku sau 10²³. Duk amsar da ta yi nesa da wannan, a koma a duba. Haka kuma tana kwantar da hankali game da tukwanen zubi, waɗanda ba tsantsar sanholo ba ne; 'yan gauraye-gaurayen da ke ciki ba su sauya lissafin da yawa.

Idan gaurayen yana da yawa kuma an san rabonsa, sai a yi wa kowane ƙarfe nasa lissafin a tara. Misali mai kyau shi ne liyari, tsohon kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, wanda ya yi yawo a kasuwannin Borno da ƙasar Hausa a zamanin da matafiyi Heinrich Barth ya ratsa Gure, babban birnin Muniyo, a ƙarshen 1852, kuma maƙeran fari suka daɗe suna narka shi su yi zobba da awarwaro. Nauyinsa giram 28, kashi 833 cikin dubu azurfa, saura jan ƙarfe. Azurfar, giram 23.4, tana ba da elektaron 6.1 × 10²⁴. Jan ƙarfen, giram 4.7, yana ba da 1.3 × 10²⁴. Jimilla 7.4 × 10²⁴, dab da na cokalinmu.

Tambaya ta biyu ta masu aikin wuta ce. Yawancin elektaron ɗin ƙarfe a ɗaure suke da zarrarsu, ba su motsawa daga inda suke. Na can waje ne kaɗai ke sakuwa su shiga yawo cikin ƙarfen: ɗaya cikin 29 a jan ƙarfe, ɗaya cikin 47 a azurfa, uku cikin 13 a sanholo. Paul Drude ne ya tsara wannan fahimta a 1900, sannan a 1916 Richard Tolman da Dale Stewart suka tabbatar da ita ta hanya mai ban sha'awa: suka juya naɗin waya da gudu suka tsayar da shi farat ɗaya, elektaron ɗin da ba a ɗaure suke ba suka zarce gaba, na'ura ta nuna 'yar wuta ta gilma. A cokalinmu masu yawo 1.8 × 10²⁴ ne. Sai dai yawansu kaɗai ba ya yanke hukunci: sanholo ya fi jan ƙarfe yawan masu yawo, amma wutar da yake ɗauka kusan kashi 60 cikin ɗari ce ta jan ƙarfe mai kauri ɗaya, domin elektaron ɗinsa sun fi cin karo a hanya. Ruwan kanwa ko na gishirin manda shi ma yana ɗaukar wuta, amma ta wata hanya daban, inda zarra masu caji ne da kansu ke tafiya cikin ruwan.

Wannan ƙidaya tana fito da wani abu da mutane kan ƙi yarda da shi da farko. A ɗauki wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 1.5, irin wadda ake ja daga batirin sola zuwa ƙwan fitila, wutar ampiya ɗaya tana bi ta cikinta. Ampiya ɗaya kulom ɗaya ne a daƙiƙa, wato elektaron 6.24 × 10¹⁸ suna wuce kowane wuri a wayar a daƙiƙa guda. Sai a zaci gudu suke kamar walƙiya. Amma a kowane santimita kubik na jan ƙarfe masu yawo 8.5 × 10²² ne. Taron ya yi yawan da ɗan matsawa kaɗan ya isa. Lissafi ya ba da kusan santimita 18 a awa. Da wayar za ta miƙe daga Gure zuwa Damagaram, kilomita 170, elektaron ɗaya sai ya haura shekara ɗari a hanya. Fitila tana kamawa nan take ne saboda wayar a cike take tun asali, turawar ce ke isa ƙarshenta da gudun da ya kusa na haske. A wutar layi ma, wadda ke kai da komo sau 50 a daƙiƙa, elektaron ba ya barin unguwarsa, rawa kawai yake yi a wuri ɗaya.

Tambaya ta uku ita ce ta tartsatsi, kuma a nan nake da ƙorafi kan yadda ake tsara tambayoyin aji. Akwai irin wadda ake yawan samu a littattafai: ga ɗan ƙarfen azurfa mai giram 10, an ƙara masa elektaron har cajinsa ya kai kashi ɗaya cikin dubu na kulom, nawa aka ƙara? Lissafin ba wuya. Giram 10 na azurfa elektaron 2.62 × 10²⁴ ne, ƙarin kuwa 6.24 × 10¹⁵, wato biyu da ɗoriya a kan kowane biliyan da ke wurin. Ɗalibi zai ce ashe kaɗan ne. Abin da ba a gaya masa shi ne, in ƙarfen ƙwallo ne mai rami a ciki, mai santimita biyu a faɗi, wannan caji zai kai shi bolt miliyan 900. Tun kafin a yi nisa iska za ta tsage ta kwashe cajin. Tambayar tana koyar da rabawa, amma tana barin yaro da gurguwar fahimta game da abin da duniya ke yarda da shi.

Iska ce ke sa iyaka. Busasshiyar iska tana jure kusan bolt 3,000 a kowane milimita. In an wuce haka sai ta zama hanyar wuta, tartsatsi ya tashi. Wannan yana nufin kowane mita murabba'i na fatar ƙarfe ba zai riƙe fiye da kusan kulom 2.7 × 10⁻⁵ ba. A ɗauki tukunyar sanholo mai kilo ɗaya, a ƙaddara ta dunƙule mai santimita 30 a faɗi. Iyakar abin da za ta riƙe kulom 7.5 × 10⁻⁶ ne, elektaron 4.7 × 10¹³, kuma a lokacin tana kan bolt 450,000. A cikinta kuwa akwai elektaron 2.9 × 10²⁶. A raba, sai a ga ɗaya ne cikin kowane biliyan dubu shida. Wannan shi ne ƙololuwar abin da ake kira caji mai yawa. Kuma 'yan ƙarin nan ba cikin naman ƙarfen suke zama ba. Tun da ture juna suke, sai su watse zuwa fatar waje, cikin ya zauna ba komai. Faraday ya nuna haka a 1843 da bokitin ƙarfe. Shi ya sa wanda hadari ya rutsa da shi ya fi tsira a cikin mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe fiye da a gindin gawo ko aduwa. Sukan kuma fi cunkushewa a wuri mai tsini, dalilin da ya sa sandar kare gini daga aradu take da kai mai tsini.

Jikin mutum ma haka yake tara caji. Yana riƙe kusan kulom 10⁻¹⁰ a kan kowane bolt. Mutumin da ya goga jiki da kujerar mota ya kai bolt 5,000 yana ɗauke da kulom 5 × 10⁻⁷, elektaron kusan biliyan 3,000. Da damina danshin da ke kwanciya a kan tufafi da takalmi yana zurarar da cajin ƙasa tun bai taru ba. Da hunturu kuwa, lokacin da danshin iska a yankin Damagaram ke faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, babu ta inda zai zurare, sai ya jira ƙarfe. Wannan ɗan caji ba ya kisa, amma kada a raina shi kusa da fetur. Kuzarin tartsatsin rabin caji ne sau bolt, wato milijul 1.25, alhali tururin fetur da ya gauraya da iska kusan kwatan milijul ya ishe shi ya kama. Man da ke gudu cikin tiyo shi ma yana tara nasa cajin. Shi ya sa a wuraren lodi, irin matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram, ƙa'idar aikin ita ce a haɗa tanka da ƙasa da waya kafin a buɗe famfo. Masu ɗura mai a jarka da kwalabe a bakin hanya su ma abin ya shafe su: a sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, kada a cika ta a bayan mota a kan shimfiɗar roba, a bar bakin tiyo yana taɓa bakin jarka, mutum kuma ya taɓa ƙarfe nesa da man kafin ya matso.

Ƙurar kanta tana ɗaukar caji. Hazon da ke rufe Gure da hunturu, mai yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso shi, kuma ƙwayoyin suna gugar juna da yashi a hanya suna musayar elektaron. A rana mai garau, ƙarfin lantarkin iska kusa da ƙasa kusan bolt 100 ne a kowane mita. A 1967 D. J. Harris ya buga a mujallar Nature awon da ya yi a arewacin Najeriya, inda ya nuna cewa da hazo wannan ƙarfi yana juya alama, ya kuma ninka sau da yawa. A 2006 Earle Williams da abokan aikinsa sun auna irin wannan a Yamai, a cikin guguwar ƙura da ke gabatar hadari. Ke nan yankinmu fili ne da masana ke zuwa daga nesa su yi nazarin abin. Malamin da ke Gure yana da abin da takwaransa na bakin teku ke nema da na'urar busar da iska. Kwalba, da guntun waya, da 'yan siraran takardar gwal biyu irin ta cikin kwalin shayi sun isa a haɗa ma'aunin caji: a goga mataji a kusanto da shi, takardun su buɗe baki. Darasin da aka ajiye wa watan Janairu zai yi aiki. Wanda aka kai Yuli zai ba malami kunya a gaban aji. In ɗalibi ya ga takardun sun rabu, sannan ya lissafa cewa caji irin na mataji, a ce kulom 10⁻⁸, elektaron biliyan 62 ne, lambar ta samu wurin zama a kansa.

Saura batir, wanda yake rikita har da manya. Batirin wayar hannu da aka rubuta wa 5,000 mAh yana iya tura kulom 18,000, elektaron 1.1 × 10²³. Na sola mai 100 Ah yana tura kulom 360,000. Walƙiyar da ke faɗowa ƙasa kuwa yawanci daga kulom kaɗan ne zuwa 'yan gomiya. Wayar da ke aljihu ta fi aradu tura caji sau ɗaruruwa. Abin da ya raba su shi ne aradu tana sauke nata cikin ƙasa da daƙiƙa, daga tazarar bolt miliyoyi, batirin wayar kuwa yana sakin nasa a yini guda a kan kusan bolt huɗu. Sannan batirin da ya cika bai fi wanda ya mutu yawan elektaron ba. Duk wanda ya fita ta wannan kai, wani ya shiga ta wancan. Abin da mai cajin waya a kasuwa ke sayarwa shi ne kuzarin mai da su gefen da suka baro, don su sake gangarowa. Lissafin batir na caji mai wucewa ne, na tukunya da yatsa kuwa na caji mai zama; ƙa'idar Q = n × e ɗaya ce, abin da n ke nufi ne ya bambanta.

Akwai masana'antar da wannan ƙidaya ita ce jarinta. Sanholo ba a samun sa tsantsa a ƙasa. A cikin dutsen bokzit, irin wanda ake haƙa a Boke da Sangaredi na ƙasar Gini, kowace zarrarsa ta riga ta ba iskar oksijin elektaron ɗinta uku na waje, kuma wutar gawayin maƙera ba ta isa ta ƙwato su ba. Sai a 1886 Charles Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa da kansa, suka gano hanya mai arha ta mayar da su da wutar lantarki. Lissafin irin na cokalinmu ne: kilo ɗaya mol 37 ne, kowane mol yana bukatar 96,485 sau uku, jimilla kulom miliyan 10.7, kusan 2,980 Ah, abin da batirin sola mai 100 Ah zai tura sau talatin. Wannan adadi ba ya raguwa komai ƙwarewar injiniya, domin zarra ba ta karɓar biyu a madadin uku. A kuzari, kilo ɗaya yana cin kilowat-awa 13 zuwa 15. Dalilin ke nan da ya sa ake gina masana'antun narka shi kusa da manyan madatsun ruwa, kamar ta Tema a Gana da ta dogara da Akosombo, da ta Edeya a Kamaru a bakin kogin Sanaga, kuma rashin isasshiyar wuta na daga cikin abin da ya sa Gini ke fitar da yawancin dutsenta ɗanye. Sake narka tsohon sanholo kuwa ba ya bukatar a mayar da ko elektaron ɗaya, zafin digiri 660 kawai yake nema, shi ya sa yake cin kusan kashi 5 cikin ɗari na kuzarin yin sabo, kuma shi ya sa mai zubin tukwane da gawayi da zuga-zugi yake iya abin da zai gagare shi in da ɗanyen dutse aka kawo masa.